Lawashin da Na Ba Madara

Lahadi, 20 ga Fabrairu, 2022

Jikata Mufida ta koma makarantar kwana yau, ta bar mani ɓeraye biyu da wanga littafi. Ɓeran Masar, in ji ta. Kawunta Mustapha, malamin dabbobi na Shagari, shi ya ba ta su, Allah ya saka mashi da abin da ya dace. Shekara sittin da wani abu ina kashe ɓera a rumbu, yau an kawo mani biyu har ɗaki an ce amana. Farar sunanta Madara, jar Gyaɗa. Ba wuya, ba wutsiya, awa an cusa auduga cikin safa.

Ta ce kullum in rubuta abin da sunka ci, in ta zo hutu ta duba. Ashe don wanga na sha zaman yaƙi da jahilci, in zama magatakardar ɓera. Ta tsaya tana lissafo mani abin da ake ba su da wanda ba a ba su, ni ko ina tambayarta ko suna da dangi a Masar da za mu aika ma goro. Ta ce, "Kaka, don Allah ki saurara." Na ce kunnena ya tsufa, ba ya ɗaukar karatun ɓera. Ta yi fushi, ta yi dariya, ta ɗauki akwatinta.

Zan rubuta abin da na ga dama a nan. Ranar da za ta dawo in kwafe mata lissafin abincin a wata takarda.

Talata, 22 ga Fabrairu

Harawa da ganyen salak. Ci ba tsayawa, kashi ba tsayawa. Da sun ji ƙarar wuƙa bisa faranti sai su kama fito, wi-wi-wi, awa ni baiwar ubansu ce. Na ce su rufa mani baki, sunka ƙara.

Juma'a, 25 ga Fabrairu

Madara tana cikin tafiya ta daka tsalle ta murɗe a sama, ta sake, ta sake. Na ce shi ke nan, an kawo mani mai iska gida. Na ƙwala ma Hussaina kira ta katanga. Shekara arba'in muna maƙwabtaka, ba ta taɓa zuwa kira da sauri ba sai yau da ta ji akwai abin kallo. Ta zo da kyanwarta a baya, ta duƙa ta duba, ta ce, "Ke Balaraba, murna ce. Ke da ba ki yin ta ina za ki gane ta." Na ce ta kwashe kyanwarta da bakinta ta fita.

Laraba, 2 ga Maris

Madara ta karɓi karas daga hannuna. Gyaɗa ko kusa ba ta zuwa, munafuka.

Asabar, 5 ga Maris

Sha'aibu yana ciran albasa a garka, kwana uku ke nan ina ce mashi ya yanko ma ɓerayen ɗiyarshi ciyawa. "To Inna, to Inna." Ɗan da na haifa, to ɗinshi ba ta taɓa cika kwando ba. Harawa ta ƙare. Tsakar gida kuwa cike da lawashi, ɗanyen ganyen albasa kore shar. Na yanka masu tuli guda. Gyaɗa ta shinshina ta juya mani baya. Madara ta yi jim, na miƙa mata da hannu, ta ci.

Sun ci: lawashi, dusa.

Litinin, 7 ga Maris

Lawashi jiya, lawashi yau. Madara kaɗai ke ci. Gyaɗa dusa take tona, ta tauna tsohuwar tabarma. Ta zauna da yunwarta, 'yar sarki.

Laraba, 9 ga Maris

Na buga wuƙa bisa faranti, murya ɗaya ta amsa. Madara na kwance a lungu, gashi a tsaye, numfashi sama-sama. Fitsarinta ja. Sha'aibu ya kawo ciyawar yau, yau da ba ta iya ci. Na wanke shi tas a gaban ma'aikatanshi, har yanzu raina bai sauka ba.

Alhamis, 10 ga Maris

Ta mutu. Na ishe ta da safe a sandare, Gyaɗa ta kwanta jikinta. Na naɗe ta a tsumma na binne gindin zogale kafin Sha'aibu ya shigo gaisuwa.

Ya tambaya ina farar. Bakina ya riga ni. Na ce kyanwar Hussaina ce. Da na tsaya nan da sauƙi, to ban tsaya ba. Na ce ta katanga ta diro, na ce na jefe ta da takalmi, na nuna mashi inda ta bi har da yadda ta waigo ta dube ni. Ya riƙe baki yana salati. Duk tatsuniyar da na yi a duniya ba wadda ta shiga mutum awa wagga.

Juma'a, 11 ga Maris

Ina tsakiyar tankaɗe muryar yarinyar nan ta faɗo mani. Tana lanƙwasa yatsu: banda dankalin turawa, banda albasa. Ko albasar ta fara faɗi? Ta faɗa dai. Lokacin ina kan zancen goro.

To ita ma, wa ke faɗin magana mai nauyi sau ɗaya? Gidan manomin albasa, ba sai ta rubuta a bango ba? Da kawun nata da ya rasa kyautar da zai ba yarinya sai abin da ganye ke kashewa. Akuyata har kwali ta ci ta kwana lafiya.

Lahadi, 13 ga Maris

Hussaina ta zo ba ni haƙuri. Da ƙwaryar fura. Ta ce Sha'aibu ya je ya yi mata magana, ta ɗaure kyanwar da igiya a turken akuya, ba za ta sake fita ba. Ta ce, "Ki yafe mana, dabba ba ta san amana ba." Ta faɗa tana kallon cikin idona.

Wa ya aike ta? Mutum na zaune da abin da ya dame shi a zo a ɗora mashi fura. Ban sha ba. Ta yi tsami a inda ta ajiye ta.

Talata, 15 ga Maris

Gyaɗa ta daina fito. Tun jiya ciyawa na gabanta ba ta taɓa ba, ta cusa kai a lungun da 'yar'uwarta ta kwanta. In wagga ta bi waccan, mi zan ce, kyanwa na ɗaure?

Na sa anka kira mani Mustapha a waya. Na faɗa mashi zancen kyanwa, ya jajanta. Sannan na ce wata mata can Dandin Mahe ta tambaye ni wai ko ana ba su lawashi. Ya ce, "Inna, ki ce mata kar ta soma. Jini yake ɓata masu, kwana kaɗan sai gawa." Na ce zan faɗa mata. Sai na kawo mashi zancen Gyaɗa.

Ya ce ba su zama su kaɗai, kewa na hana su ci, kuma cikinsu bai jure zama wofi ko na yini biyu. A fitar da ita daga zafi, a zauna kusa da ita, a riƙa yi mata magana. Kar in kawo hannu ta sama, gani take shaho ne. Na ce to, likita, sai in yi mata wanka da lalle kuma. Bai yi dariya ba. Dangin uwar Mufida duk haka suke, ba gishiri.

Alhamis, 17 ga Maris

Na maido Gyaɗa ɗakina, gindin randa inda yashi ke da sanyi. Ta miƙe ƙafafu a kai ta baje. Na zauna ƙasa, ni da gwiwar nan tawa, na ajiye salak na kau da kai. In na dube ta sai ta daskare awa dutse. In na dubi bango ina surutu sai in ji ƙus-ƙus. To na yi ta ba bango labari. Na ba shi na auren Sha'aibu, da ranar da jaki ya kayar da ubanshi a kasuwar Bodinga. Ganye biyu ta ci.

Na kai hannu ta ƙasa, ta kaɗa mani haƙora, kaf-kaf-kaf. Zagi ne, na san zagi in na ji shi. Na rama.

Asabar, 19 ga Maris

Na bar jiran to ɗin Sha'aibu. Da hantsi na ɗauki lauje na tafi bakin garka da kaina. Matan unguwa na tambaya ko na sayi tunkiya. Na ce raƙumi.

Lahadi, 20 ga Maris

Ranar ziyara a makarantar Mufida. Na ce ma Sha'aibu kar ya faɗa mata komai, ya je ya zazzage mata duka har da takalmin da na jefa. Ya ce ta yi kuka. Ya ce ta ce, "A faɗa ma Kaka kar ta damu, ba laifinta ba ne, na san ta yi ƙoƙari."

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Yaro in an hana shi abu shi yake yi, in an sa shi ba ya yi. Shekara arba'in da biyu, har da furfura a gemu.

Laraba, 23 ga Maris

Gyaɗa ta yi fito. Ba wuƙa, ba faranti, takalmina ta ji. Ƙaramar murya, a shaƙe. Mayunwaciya.

Asabar, 26 ga Maris

Na sami takarda na zauna kwafe lissafin abinci. Na iso ranar biyar ga wata na rubuta harawa. Na duba shi. Rubutun ya yi kyau, ya fi na gaskiyar kyau. Daga katanga kyanwar Hussaina na ta kuka a turke, kwana goma sha uku ke nan, ita ko Hussainar ko leƙowa ba ta yi.

Na sa takardar a murhu. Na ɗauko littafin shi ma, na tsaya da shi a hannu har tuwo ya kama. Na kankare ƙanzo ina zagin itacen.

Abin da ke ci mani rai, Gyaɗa da ta raina ni ita ta tsira. Wadda ta yarda da hannuna ita ke gindin zogale.

Alhamis, 31 ga Maris

Mufida ta dawo. Ta rame, wuya awa na zalɓe, na ko faɗa mata. Ta duƙa gindin randa, Gyaɗa ta gudu bayan ƙafata. Ta ce, "Kaka, ke ta sani yanzu." Sai kyanwa ta yi kuka. Yarinyar nan da ba ta iya kashe kiyashi ta fita ta ɗauki rabin bulo ta nufi katanga.

Na ce ajiye. Na ce zo ki karɓi littafinki. Littafin duka na ba ta, da zagin ubanta da na kawunta, ban cire ko shafi ba. Na tafi madafa na kama wanke tukunyar da na riga na wanke.

Asabar, 2 ga Afrilu

An tashi da azumi. Littafin na ishe bisa filona jiya, shi ya sa nake rubutu. Mufida na gaishe ni, ina kwana Kaka, ina wuni Kaka, a tsaye, awa baƙuwa. Gara ta zage ni. Na yi mata tsiyar wuyanta sau biyu, ko murmushi.

Da la'asar na shiga gidan Hussaina na kwance igiyar da hannuna. Na fara magana ta katse ni. Ta kama kyanwar ta buɗe mani bakinta: haƙori biyu, su ma suna rawa. Ta ce, "Wagga ko tuwo sai na jiƙa mata. Tun ranar na sani." Na ce to don mi kika ɗaure ta? Ta ce, "In ga kwana nawa za ki iya." Kwana ashirin tana azabtar da dabba don ta ƙure ni, kuma wai ni ce muguwa. Na faɗa mata haka. Ta ce in maido mata ƙwaryarta.

Sha'aibu kuwa ya ji komai, ya kasa haɗa ido da ni, awa shi ya yi ƙaryar.

Litinin, 4 ga Afrilu

Ni na fara yi ma Mufida magana, tunda ita ta ga dama ta zama hakimi. Na ce Gyaɗa ba ni take buƙata ba, 'yan'uwanta take so. Tana ci, tana fito, amma tun da ɗayar ta tafi ko sau ɗaya ba ta yi tsallen nan ba. Kawunki na da shida a Shagari, a kai ta can. Ta ce, "Ke fa?" Na ce ni mi? In huta da kwasar kashi, in sami ɗakina.

Ta ce, "Da kin faɗa mani tun farko, Kaka, da kuka kawai zan yi." Na tashi na ɗauko kwandon da za a sa Gyaɗa.

Jibi za su tafi a motar kasuwa. Na nuna mata yadda za ta jiƙa buhu ta rufa bisa kwandon, da yadda ake tallabo ta ta ƙasa. Na ce ni ma zan bi su, na kwana biyu ban gaida mutanen Shagari ba, ga azumi ya kama. Ta ce wa na sani a Shagari. Na ce ba ruwanta.

Ɗakin da Mustapha ke ajiye su nake son gani. An ce rufin kwano ne. In na sa hannu na ji zafi, da ita zan dawo, sai ya ba mu ɗaya daga cikin nashi.