Zuwa ga Yaya Habu, Wanda Suka Kira Malam Langa

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fata Allah Ya sa kana cikin rahama. Ni ce Rabi. Damina biyu ke nan da rasuwarka. Yau na dawo daga makaranta raina a ɓace, na rasa wanda zan faɗa wa sai kai.

Da hantsi hedimasta ya kira ni ofis. Wai manya za su zo daga Kano buɗe sababbin ajujuwan makarantarmu ta nan Gumel, kuma sunanka za a sa musu. Ni ake so in tashi in yi godiya a madadin iyali. Ka san inda aka gina su? A filin wasa, Yaya! Tun daga gindin tsamiya har katanga. Ko wurin da yarinya za ta yi tsalle ɗaya ba su bari ba.

Hedimastan nan fa shi ya laƙaba maka Malam Langa. Lokacin da ka dawo daga jami'a kana binciken yadda guje-guje da wasa ke buɗe ƙwaƙwalwar yara, a gaban malamai ya ce gwamnati ta yi asarar kai ka karatu, tunda ka ƙare a kallon yara suna ɗingishi da ƙafa ɗaya. Aka yi dariya. Ina wurin, ban ce uffan ba, kuma har yau shirun nan yana cina.

Ba su ga yadda kake tura keke cikin rairayin hanyar Gagarawa ba. Ba su ga ranakun Alhamis da kake hawa bayan motar 'yan kasuwa zuwa Maigatari, ka dawo kana warin awaki ba. A Sule Tankarkar sai da ka yi mako a ruga, don ka ga yadda yaran da ke bin shanu tun safe suke ɗaukar karatu.

A ajina ka roƙe ni in riƙa sakin 'yan mata su yi gaɗa da carafke kafin darasin lissafi. Ka tuna Hauwa, wadda kullum take shan bulala ana ce mata daƙiƙiya? Ka tsuguna kana kallonta tana cafe duwatsu tana ƙirgawa, ba kuskure ko ɗaya. Ka ce, "Rabi, yarinyar nan ta iya lissafi, zaman benci ne yake kashe ta." Bana ta ci jarrabawar shiga sakandare.

Sakamakon da ka samu shi ne takardar ƙara. Hedimasta ya rubuta wa ofishin ilimi cewa kana lalata tarbiyya, aka hana ka shiga makarantu. Sai ka koma zama bayan katanga da littafinka a cinya, kamar mai laifi. Da ciwon hanta ya kwantar da kai, kana faɗa ina rubutawa muka gama babin ƙarshe na littafin bincikenka. Ba ka ga littafin a buge ba.

Yanzu kuwa ana karantar da shi a kwalejojin horon malamai. Wasiƙu na zuwa daga ƙasashen da Inna ba ta iya faɗin sunansu ba. Watan jiya malamai biyu suka zo daga Damagaram, sun ce a lakwal ɗinsu, wato makarantarsu ta boko, sun mai da wasa kafin darasi saboda aikinka, suna son ganin filin da ka fara binciken. Tulin bulo na nuna musu. Hedimasta yana gefe yana cewa ai kai amininsa ne. Wallahi ko shafi ɗaya bai karanta ba.

Kai ma ina fushi da kai. Haƙurinka ya yi yawa. Duk abin da aka yi maka sai ka ce, "Bari kawai, Rabi, za su gane." To, ba su gane ba, Yaya. Sunanka kawai suka ga ya yi daraja.

Na gaya wa hedimasta ba zan yi godiyar ba, kuma iyali ba su yarda a sa sunan ba. Ya ce in yi hankali, ana neman malamai a ƙauyukan bakin iyaka. Na ce ya rubuta takardar canjin, can ma yara ne. Daga nan na kwashi 'yan ajina muka fita masussukar bayan makaranta, suka yi gudu har suka gaji, sannan muka koma lissafi. Gobe ma haka za mu yi.

Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa. 'Yarka Ummi ta fara tafiya da gudu, ba ta zama wuri ɗaya, kuma ba wanda ya isa ya tsawata mata a gidan nan. In ta yi dariya sai in kau da kai, don kai nake gani.

Allah Ya jiƙan ka, Yayana, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ilimin da ka bari ya riƙa isar maka da lada. Ni kuma Ya sanyaya mini zuciya, amma kada Ya sa in sake yin shiru.

Ƙanwarka da ke kewarka,
Rabi