Baturen da Ya Shigo Mana Gida

Talata, 14 Mayu 2024
Maigidana, Abban Manar, ya samo wani littafi a kan wani lauyan Amurka na zamanin da, tun ƙasar tana jaririya. Wai ya yi majalisar jiharsu, ya faɗi zaɓe, ya koma gona. Ina yanka albasa yana karanta mini. Ni ina ruwana da Baturen da ya mutu shekaru aru-aru? Mu da muka gudo Makka saboda siyasa ta kusa ganin bayanmu, maigidan ya rantse mini karatun fiƙihu kawai zai yi.

Alhamis, 23 Mayu
Yau kuma wai mutanen garin da kansu suka je gona suka roƙi lauyan ya dawo. A lokacinsu ɗan takara ba ya neman ƙuri'a da bakinsa, abin kunya ne. Zama yake a gida, ya buɗe ƙofa, ya ciyar da duk wanda ya shigo. Yadda idon Abban Manar ke ƙyalli yana faɗa, na san akwai magana.

Alhamis, 6 Yuni
Alhazan ƙaramar hukumarmu sun sauka a unguwar Aziziyya, nan Makka. Falo ya cika. "Onarabul" ta dawo bakin mutane.

Litinin, 10 Yuni
Tuwo, miyar kuka, tuwo. Bayana kamar zai ɓalle. Na ce, "Abban Manar, kamfen kake yi." Ya ce, "Baƙin Allah ne fa. Kin ji na roƙi wani?" Bai roƙa ba kam. Ya yi karatunsa da kyau.
Wafa maƙwabciyata ta ce, "Khalas ya ukhti," wato shi ke nan 'yar'uwa, "haɗa kayanki kawai." Manar ta ji, ta shige ɗaki da kuka. Ita nan ta sani, nan ƙawayenta suke. Ni ma ba na son komawa. Na gaji da jifa da zagi da 'yan daba a ƙofar gida.

Asabar, 15 Yuni
Arfa. Na roƙi Allah ya cire masa abin nan daga rai.

Juma'a, 21 Yuni
Maza kaɗai yake ta ciyarwa. Ko sau ɗaya ba a leƙa masaukin mata ba, alhali su ke shan rana a layi ranar zaɓe, su ne kuma suka kayar da shi wancan karon. Mutum da iliminsa! Na dafa dambu na kai musu da kaina, har da dabino da zamzam.
Don lada na yi. Wata tsohuwa ta tambaye ni daga ina, na dai faɗa mata sunansa, na maimaita don ta riƙe.