Koriyar Rigar da Paige Ta Yanka

Talata, 2 ga Afrilu
Dwayne ya kawo katin bikinsa. Ɗana tilo, amma sai a kati na ga dokar: kowa ya zo cikin kayan gwanjo, ban da sabo, wai don a rage wa duniya shara. Aikin amaryarsa ne, Paige. Ni za a koya wa gwanjo? Lokacin da nake ɓoye ledar shagon gwanjo don kada yaran makaranta su yi masa dariya, ba wanda ya ce ina ceton duniya. Talauci ake kiransa. Ya ce, "Mama, don Allah kar ki fara." Ai ban fara ba tukuna.

Asabar, 6 ga Afrilu
Na zaga shagunan gwanjon garinmu Toledo har ƙafata ta kumbura. Layin masu jiki irina kamar an share shi. Bernice, mai jera kaya a shagon cocinmu, ta ce, "Lorraine, 'yan matan nan ne. Su shigo sirara kamar tsinke, su kwashe manyan riguna, su je su yanka, su ɗora a waya ana tafa musu." Siririya ko'ina ta shiga za ta sami nata. Ni fa, labule zan ɗaura in je bikin ɗana?

Litinin, 15 ga Afrilu
Na samu! Riga koriya, doguwa, mai hannu, a shagon cocinmu, ta zauna mini kamar don ni aka ɗinka. Takardar kuɗinta shuɗiya ce, ran Laraba kuma duk kaya mai shuɗiyar takarda rabin kuɗi ne. Na cusa ta tsakanin kwat ɗin maza don ta jira ni zuwa Laraba, yadda kowa ke yi. Bernice ta gani, ta kau da kai.

Laraba, 17 ga Afrilu
Babu ita. Na birkice layin maza kaf. Na zauna a mota ina kuka, da girmana, a kan riga.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Dwayne da Paige sun zo cin abincin rana. Ina fito da kaza daga tanda sai ga Paige ta shigo cikin rigata. An mayar da ita guntun siket da wata 'yar riga da ko cibiya ba ta rufe ba. Har juyi ta yi mini. "Misis Novak, kin gani? Wata ƙatuwar riga ce na tsinta a ɓoye cikin kayan maza, kamar tanti! Har jaka ta fita a ciki."
Tanti. A gidana, a gaban ɗana.
Na ce tantin nan nawa ne, shi zan sa ranar bikinku. Na ce ku ne kuka hana mu sayen sabo, ku ne kuka kwashe tsohon, to mu masu ƙiba tsirara kuke so mu zauna don duniya ta huta? Fuskarta ta yi jawur. Dwayne ya ce, "Mama, ba ta sani ba." Na ce ai ba ta tambaya ba. Na ce su yi bikinsu lafiya, ba da ni ba. Kazar tana nan, ba wanda ya taɓa.

Litinin, 22 ga Afrilu
Bai kira ba. Ni ma ba zan kira ba.

Alhamis, 2 ga Mayu
Paige ce ta zo, ita kaɗai, da manyan ledoji biyu. Duk manyan rigunan da ta tara ne ba ta kai ga yankawa ba. Na ga yawansu, raina ya sake ɓaci. Mata nawa ne suka koma gida hannu rabbana saboda wannan tulin? Na faɗa mata haka. Ba ta kare kanta ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don na shirya faɗa.
Ta ce in zaɓa, sauran kuma za ta mayar da su shago. Ba wadda ta yi mini daidai. Ta ce akwai shuɗɗa guda biyu masu yadi iri ɗaya, za ta haɗa su ta fitar da ɗaya. Na ce sai yanzu kika san ana ƙara wa riga girma?
Na tsani awo. Masu awo sai sun faɗi lambar da ƙarfi kamar suna gwanjon saniya. Ita ta auna ni tsaf, ba ta faɗi lamba ko ɗaya ba.

Asabar, 11 ga Mayu
Ta kawo rigar. Ɗinkin gefen hagu ya ɗan karkace, kuma na nuna mata. Koriyar ta fi ta kyau, wannan ma na faɗa.
Bayan ta tafi na sake sawa, don in duba ɗinkin kawai. Da ita na wanke kwanuka.
Ban ce na huce ba. Na dai kira Dwayne na tambaye shi a wane layin kujeru uwar ango take zama ranar biki.