Ƙasa a Gwangwanin Kofi

Larvik, 9 ga Oktoba

Jikata Tuva,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin isa tsibirin naku lafiya. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwa da ke ta tsegumi.

Ga ƙunshi nan na aiko: safar ulu uku, cuku mai ruwan ƙasa, da gwangwanin kofi. Kada ki kuskura ki dafa abin da ke cikin gwangwanin. Ƙasa ce na ɗebo daga gindin tuffar bayan gidanmu, ki zuba a kan kabarin babana, Halvard Nygrend. Ina da shekara shida ya tafi can aikin toya man manyan kifayen teku, bai dawo ba, kuma duk danginmu babu wanda ya taɓa ganin inda aka sa shi. Ba na son ya ci gaba da kwanciya a baƙuwar ƙasa.

Ki riƙa cin abinci, kin ji ko.

Kakarki,
Borghild

Jojiya ta Kudu, 3 ga Disamba

Kaka tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida gwiwa. Safa ta yi, cuku kuwa kwana biyu ya yi a duniya.

Amma Kaka, kin so ki kashe min aiki. Duk ƙunshin da ya sauka nan sai an buɗe shi a ɗakin bincike, kuma ni ce mai binciken. Ni ke zazzage aljihun baƙi da goge ƙasan takalmansu, don kada ƙwayar iri ko ƙwaro ya shigo. Makon jiya na ƙwace tuffa a hannun wani kyaftin mai furfura. Sai ga shi na buɗe gwangwani a gaban shugabata Rhona, cike da ƙasa, har da busasshiyar tana a ciki. Rhona ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa kamar in nutse. Ta liƙe shi, zai biyo jirgi ya dawo miki.

Ba mugunta ba ce. Ɓerayen da suka biyo jiragen su Halvard sun kusa ƙarar da tsuntsayen nan. Da ƙyar aka gama da su, yanzu wani ɗan tsuntsu da ya yi shekaru bai leƙo wannan gaɓa ba yana waƙa a kan rufin tsohuwar majami'a.

Na ga kabarin. Sai da na jira wani ƙaton karen teku, dabbar ruwan nan mai jiki kamar buhun kitse, ya gama barcinsa a bakin ƙofar maƙabarta kafin na shiga. Na sake wa gicciyen da ke kansa farin fenti. Baƙuwar ciyawa ta rufe wurin, tana cikin waɗanda zan tuge bayan Kirsimeti.

Ki yi haƙuri, Kaka.

Taki,
Tuva

Larvik, 2 ga Janairu

Malama mai bincike,

Na amsa gaisuwa. Ashe na yi renon jami'ar kwastan ban sani ba. Tanar ma ba ni na gayyace ta ba.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Wannan karo na biyu ke nan. Shekarar da Baba ya rasu, Mama ta ɗebi ƙasa daga gindin wannan tuffar, ta ɗinke a buhun sukari, ta ba wani mai dafa abincin jirgi, Torleif, ya kai. Da ya dawo ya ce ya zuba. Mama ba ta yarda ba, don mutumin mashayi ne, ta ce a teku ya watsar. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba, ni ma na gaji gabar. Na ɗauka jinina ba zai yi min haka ba.

Duk da haka ki sa hula in za ki fita.

Borghild

Jojiya ta Kudu, 6 ga Fabrairu

Kaka,

Gaisuwa, amma ki zauna kafin ki karanta.

Wasiƙarki tana aljihuna na shiga maƙabarta da 'yar wuƙar tono. Ciyawar nan ta yi fure, ruwan ɗorawa, irin wanda ke cika bayan gidanki, wanda kike hana ni hurawa in ya yi farin kai. Duk layin kaburburan babu inda furen ya yi kauri kamar kan Halvard, daga kai har ƙafa. Na kira Rhona na karanta mata zancen buhun sukari. Ta ce yau ta gane mafari, shekara goma sha ɗaya tana tuge wannan wurin yana dawowa, kuma wannan fure ba ɗan tsibirin ba ne, sai dai in wani ya kawo shi cikin ƙasa.

Torleif ya zuba, Kaka. Babanki a ƙarƙashin ƙasar gidansu yake tun kina yarinya.

Na zauna na yi kuka, karen tekun nan yana kallona yana atishawa. Sannan na tuge furannin, don in suka yi iri iska za ta watsa su ko'ina. Rhona ta yarda na busar da uku a cikin littafi, ta ce fita da su ba laifi ba ne, shigowa ce laifi. Ga su nan a tsakiyar takarda, ki buɗe a hankali.

Jikarki mai ƙaunarki,
Tuva

Larvik, 11 ga Maris

Tuva, 'yar albarka,

Ina gaishe ki, ki gaida Rhona. Furanni sun iso, gwangwani ma ya iso, na mayar wa tuffa ƙasarta.

Furanni biyu suna cikin littafin addu'ar Mama. Na ukun na kai wa Torleif jiya, na ajiye a kan kabarinsa, na ba shi haƙuri a madadinmu mu biyu.

Ki ci gaba da tugewa, aikinki ne. Amma in kin zo kan Baba, kada ki tona da zurfi sosai.

Kakarki,
Borghild