Furannin Tela

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara? Da fatan ciwon gwiwar nan ya sake ki kina iya hawa bene. Mu nan sai godiya.

Kin tambayi jikin Tela. Da sauƙi, amma yanzu ni ce mara lafiyar, kuma mijin nan nawa ne sila. Kin san tun da ɓarin jikinsa ya shanye hannun dama ya daina riƙe almakashi, ya lulluɓe keken ɗinki da zani, ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Likitar gashin ƙashi ta ja ni gefe ta ce in bai samu abin da zai riƙa fito da shi yana taka ƙafa ba, kwanciyar za ta zama ta dindindin. Shi ya sa na ce mu shuka furanni a ɗan filin nan na gaban taga, inda nake kife tsofaffin bokitai. Ya fito kuwa, alhamdulillahi. Amma ni na san abin da na jawo wa kaina.

Yaya, bawan Allahn nan ya ɗauki ƙasa kamar yadi. Ya sa na riƙe masa tef, ya auna, ya zana da bakin sandarsa, wai nan jiki, nan kalmasa. Da muka je wajen mai sayar da furanni, launi kawai yake dubawa. Matar ta yi masa bayani da ladabi: masu kaurin ganye rana suke so da ƙasa mai yashi, ruwa jefi-jefi, masu faɗin ganye kuwa sai inuwa da danshi. In aka haɗa su wuri guda, shayar da wannan kashe wancan ne. Sai ya ce mata, "Baiwar Allah, ja ba ya tafiya sai an bi gefensa da fari. Tun ba a haife ki ba nake haɗa launi." Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ke ƙona min rai, in ya kwana ya tashi ya ga layi bai yi masa ba, sai ya ce a warware. A tone, a matsar da shi kaɗan hagu. Na ce masa saiwa ba zare ba ce da za a farke a mayar, ya ce ba ni da ido. Akwai wani furen wardi da ya yi ta ƙaura har na daina sanin inda zan same shi da safe. Kuma ni ce hannunsa, ni ke tono, ni ke jido ruwa, ga famfonmu da kika sani, zuwa sai ya ga dama. Rabi sun ruɓe, rabi sun bushe, shi kuwa laifin hannuna yake gani.

Wallahi na gaji. Ki gaishe min da maigidan da yara, ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta


Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na ga saƙonki, kuma dariyar da kika ce kin sha ban yafe ba.

To na yi maganin abin. Ranar da ƙaninsa ya kai shi asibiti gashi, na kira mai furannin muka yi aiki irin na hankali. Muka kwashe gawarwakin, muka gauraya ƙasar da yashi da taki. Ɓangaren da rana ke duka muka zuba masu jure fari, gindin bango inda inuwa ke kwana muka sa masu faɗin ganye, dogaye a baya, gajeru a gaba, muka rufe gindinsu da busasshen ganye don kada danshi ya gudu. Ta ce da zarar sun kama, ko na manta da su ba za su yi fushi ba. Kuma launin ya hau, ban bar masa abin kushewa ba.

Da suka dawo ya tsaya dogare da sandarsa, ya daɗe yana kallo. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Sai kawai ya ce, "Ya yi kyau. Sannu da aiki." Ya shige ciki.

Kin ji fa! Yau ni Tela ya yaba. Allah ya bar zumunci.

Taki,
Auta


Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da shiruna, ba lafiyar zuciya ce ta hana ni rubutu ba. Ya gida, ya gwiwar?

Furanni sun kama, sun cika wurin, maƙwabta har leƙowa suke ta katanga suna santi. Ba sa neman ruwa, ba sa neman gyara, ba sa neman kowa. Tela kuwa tun ranar bai sake taka tsakar gida ba. In na ce ya fito ya gani sai ya ce ai yana hangowa ta taga. Daga baya ma ya ce in saki labulen, haske na damunsa. Ƙafar da ta fara ɗagawa ta koma jan ƙasa, abinci sai na yi da gaske. Likitar ta tambaye ni me ya faru da motsa jikin.

Haushi nake ji, Yaya, na rasa ma wa zan ji wa. Aikin da na yi daidai ne, kowa ya gani ya ce daidai ne. Amma in na fito na ga ganyen nan suna sheƙi, mijina yana ciki fuskarsa a bango, ji nake kamar in watsa musu tafasasshen ruwa.

Jiya da hantsi na koma wajen mai furanni na ce ta ba ni fure mai ruwan ɗorawa, wanda ya fi kowanne ɗaukar ido. Ta tambaye ni inda zan sa, na ce tsakiyar masu ruwan hoda. Ta ce ai ba za su hau ba, kuma mai shan ruwa ne, kullum sai an bi shi da bokiti. Na ce ƙaro biyu. Na dawo na tuge lafiyayyun shuke-shuke da hannuna, raina na ƙuna, na dasa waɗannan a karkace. Sannan na cire labulen na ce zan wanke.

Yinin jiya ko tari bai yi ba. Na ce shi ke nan, na ɓata wurin a banza.

Yau da safe ina wanke-wanke na ji ƙarar sanda a kan siminti, a hankali, tana tsayawa tana ci gaba. Ban juya ba, don idona ya riga ya cika. Ya iso bakin furannin yana haki, ya ce, "Wane makaho ne ya yi wannan ɗanyen aiki?"

Na ce ni ce.

Tun ɗazu yake zaune a kan bokiti yana faɗa, wai duk sai an warware. Na san ƙarshenta rabinsu mutuwa za su yi, kuma bayana ne zai ji a jikinsa. Zan tsaya nan, Yaya, ga shi can yana ƙwala min kira in kawo fartanya. Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta