Ƙasar da Aka Ɗiba a Jujin Tokata

Zuwa ga:
Shugaban Shirin Dashen Itacen Katako,
Yankin Kende.

Daga:
Batulu Manu mai daddawa, Kende.

14 ga Mayu, 2024

Game da: Cire gonata daga rabon dashen malaina

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa. Malam Lauwali ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na gargaɗe shi kar ya rage wa maganata gishiri.

1. Ranar Talata 23 ga Afrilu, ma'aikacinku Malam Badamasi ya zo awon ƙasar gonata. Bai shiga gonar ba, wai takalminsa sabo ne. A bakin hanya ya tsuguna ya ɗiba, daidai jujin da nake zuba tokar dahuwar kalwa shekara talatin.

2. Na'urarsa ta nuna takwas. Ya ce malaina na son ƙasa mai ɗan tsami, biyar da rabi zuwa shida da rabi, tawa kuwa babu tsami ko kaɗan. Yallaɓai, ban yi boko ba, amma duk macen da ta taɓa girki ta san toka ke kashe tsami. Toka ya auna, ba gona ba.

3. Ɗanliti, da kunya ɗaya ta raba gonakinmu, ya samu shida, an rubuta masa dashe ɗari biyu. Ƙanwata a tsallaken iyaka, can Jamhuriyar Binin, ita ma irin ƙasar ce, malainarta har an fara yanka katako. Shin tsamin ya zo iyakata ne aka hana shi shiga?

4. Da haushi ya ci ni, na kwashe ruwan tsamin kokon unguwarmu na kwana tara ina kwarara wa gonar. Ban samu komai ba sai ƙuda, da sunan Batulu Salam, wato marar tsami, da matan kasuwar Lolo suka laƙa mani.

Don haka ina roƙo cikin ladabi a sake awo a tsakiyar gonar kafin rabon 3 ga Yuni, a mayar da sunana. Na tsufa da noman gero. Itacen nan nake so in bar wa jikokina. A turo mai tsohon takalmi.

Ga ƙasar tsakiyar gonar na ƙunso a ganye tare da takardar nan. In na'urar ta gaji, a ɗanɗana. Ni na ɗanɗana.

Allah ya ƙara girma.

Mai biyayya, in an gyara,
Batulu Manu
(dangwalen babban yatsa)