Aro Na Ba Da Gonata, Na'urarku Ta Ce Tasa Ce

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙera manhajar rajistar manoman fadama.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, ban san sunanka ba, ban kuma san ko a Abuja kake zaune ko a ƙasar waje ba. Tambarin kamfaninku kawai na sani, shi ma a jikin na'urar masu rajista na gan shi. Shi ya sa na rubuto a fili, ko Allah zai sa wani ya karanta ya kai maka.

Sunana Rabi. A cikin garin Haɗeja nake aure, sana'ata turara shinkafa. Ina da gona a fadamar ƙauyenmu, bakin kogi, kasona ne na gadon mahaifina, Allah ya jiƙansa. Da yake ba ni da halin noma ta, na ba Malam Sabo aro. Maƙwabcinmu ne a ƙauye, a gaban mahaifina ya tashi. A wajenmu da baki ake ba da aro, ba a rubuta komai. Sai dai duk kaka mai aro yakan ɗauko damin shinkafa guda ya kawo gidan mai gona da kansa. Wannan dami ba haya ba ne, ko tukunya ɗaya ta turarata ba ya cikawa. Shaida ce a idon jama'a cewa mai noma bai manta mai gona ba. Shekara da shekaru Malam Sabo bai taɓa fashi ba.

Ga abin da ya kawo ni.

Na ɗaya. Da rani, lokacin ban ruwan alkama, ƙungiyar da ta ɗauke ku aiki tare da gwamnati ta turo masu rajista fadamarmu. Suka riƙa zaga iyakar kowace gona da na'ura a hannu. A tawa suka tarar da Malam Sabo cikin taɓo har gwiwa. Waɗanda suke wajen sun tabbatar mini ya faɗa musu aro ce, ya ambaci sunana har sau biyu. Mai rajistar ya duba, ya ce babu gurbin aro a ciki, gurbi ɗaya ne, na mai gona, kuma na'urar ba ta wucewa gaba sai an ɗauki hoton mutum yana tsaye a cikin gonar. Aka ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, aka wuce. Ranka ya daɗe, wa kuka tambaya kafin ku tsara wannan abu? Ko mai sayar da goro a tasha zai gaya muku cewa wanda aka tarar a gona ba lallai shi ke da ita ba. Mu mata masu gadon gona muna gida. Ta yaya aka yi za a same mu a tsaye cikin alkama? Ni dai na kasa yarda cewa masu ilimi irinku mantuwa ce ta kama su.

Na biyu. Na nemi gyara. Sau uku ina kashe wutar turara ina zuwa ofishin aikin gona. Suka ce su kallo kawai suke iya yi, ba sa iya taɓawa. Na hau mota har Dutse, ofishin ƙungiyar. Wata baiwar Allah ta ba ni kujera da ruwan sanyi, ta ce an kulle rajista, makullin yana hannunku. Ta ba ni lambar waya. Na kira ya fi a ƙirga, kiɗa ake sa mini da muryar wata mata tana Turanci har katina ya ƙare. Ikon Allah! Sunan mutum ya shiga cikin ƙiftawar ido, amma fitarsa ta gagari ofisoshi biyu.

Na uku, kuma shi ya fi yi mini ciwo. An ba Malam Sabo taki da injin ban ruwa da sunan gonata. Wallahi ban yi baƙin ciki ba, shi ke shan rana, shi ya yi fama da ciyawar kacala mai cinye fadama har gonar ta gyaru. Amma kakar bana damin shinkafar nan bai zo ba. Na jira, na ce ko ruwa ya yi masa ɓarna. Ashe shinkafa ta yi kyau. Sai ga labari daga kasuwa cewa babban ɗansa yana cewa su yanzu kwamfutar gwamnati ta san su. Da na haɗu da Malam Sabo a wajen ta'aziyya, ya gaishe ni yana kallon ƙasa, ya yi sauri ya nemi takalminsa. Mutumin kirki ne, ban taɓa kama shi da cin amana ba. Ku kuka ajiye masa jarrabawa a gabansa.

Na huɗu. Kwanan baya wasu mutane sun zo fadamar a mota mai baƙin gilashi, riƙe da taswira a takarda, kowace gona da iyakarta da sunan da aka rubuta mata. Ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba na ƙungiyar ba ne. Sun ce filin noman shinkafa suke nema mai faɗi. Gidan Malam Sabo suka nufa kai tsaye, ni ko sallama ba a yi mini ba. To ina suka sami taswirar? An ce mana don rabon taki ake rajista. Ba a ce za a miƙa iyakokin gonakinmu ga baƙi ba. Ba ni da hujjar cewa ku kuka ba su, kuma ba zan ɗauki alhakinku ba. Amma an ce makulli a hannunku yake. In ba ku kuka buɗe ba, ku faɗa mana wanda ya buɗe.

Buƙatuna ba su da yawa. Ku mayar da sunana kan gonar mahaifina, a rubuta Malam Sabo a matsayin mai aro, ya ci gaba da karɓar takinsa. Ku buɗe gurbin aro a manhajarku, don a unguwarmu kaɗai na san mata irina da har yanzu ba su ma san abin da ya same su ba. Ku kuma bayyana, da Hausa, a gidan rediyo, su wa ke ganin bayananmu.

In za ku turo mai bincike, don Allah ya zo da wuri. A gaban mutum uku na ba da aron nan. Bulama, wato mai garin ƙauyenmu na wancan lokaci, ya rasu, kawuna ya bi shi. Saura Baba Gambo masunci, shi ma yana kwance tun damina. Makon jiya na je duba shi, sai da na kai kunnena bakinsa sannan na ji yana cewa gonar tawa ce. Ranar da ya yi shiru, na'urarku ce kaɗai za ta rage tana magana.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare ka da ɗaukar hakkin wanda ba ka taɓa gani ba. Allah kuma kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya a bakin gonar mahaifinka kana neman izinin shiga.

Wassalam.

Rabi mai turara,
Haɗeja.